Tabo ba ya son ƙarfi: lacca kan tausar tabo

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa, in lokaci ya bar ni.

Na farko, shi kansa tabon. Fatarmu saƙa ce. Zarenta, wanda likitoci ke kira kolajin, a harɗe yake kamar saƙar kwando, wannan ya bi nan wancan ya gitta, shi ya sa duk ta inda ka ja fatar bayan hannunka sai ta biyo ka. Ku gwada. Malam, taka na ce, ba ta maƙwabcinka ba! (dariya) To da wuƙar tiyata ko wuta ta ɓata saƙar, jiki ba ya tsayawa ado. Ɗinkin gaggawa yake yi, ya jera zaren ta fuska ɗaya. Sai tabo ya yi tauri, ba gashi, ba gumi, kuma ko ya warke sarai ƙarfinsa ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na lafiyayyar fata. Wani ma sai ya manne da naman ƙasa, mutum ya miƙe ya ji ana jansa daga ciki.

Amma ɗinkin bai ƙare ba, jama'a. Jiki na ta warwarewa yana sake jerawa har shekara guda, wani har biyu. Kuma ƙwayoyin da ke wannan saƙa suna jin ja. Wallahi suna ji. In jan ya yi yawa sai su ƙara zuba zare, shi ya sa tabon ƙirji da na kafaɗa suka fi kumbura, don wurin kullum a ɗame yake. Tun 1861 Karl Langer, wani masanin jiki ɗan Ostiriya, ya zana layukan da fata ke ɗamewa, har yau likitan fiɗa na la'akari da irinsu kafin ya yanka. Kai kuma ka zo kana murzar tabo kamar mai wankin tsumma! A'a. Ɗora yatsa biyu, kada su zame a kan fatar, fatar ce za ta motsa da su. Ka kewaya a hankali, ka yi sama da ƙasa, ka gitta, ka ɗan ɗaga ta daga naman. 'Yan mintuna, safe da yamma. In ya yi zafi ko launinsa ya yi ja, ka wuce gona da iri. Na ce a hankali, zan kuma maimaita, a hankali.

Na biyu, ko na uku muke ne? Lokacin fara tausa dai. Sai miki ya rufe, an cire zare, ba ɓawo ba mugunya, likita ya ce to. A kare shi daga rana. Kuma kada wani ya ce muku tabo zai ɓace. Inda aka fi ganin amfanin tausa shi ne laushi da rage ƙaiƙayi da zogi, musamman a tabon ƙuna.

Na'am, Hajiya? Ta ce 'yarta na da tabo a kunne da yake ta girma har ya wuce inda aka huda. Hajiya, wannan kiloid ne, ya fi kama masu baƙar fata, kuma tausa ba ta narkar da shi. Kada ki murza, kada a yanke a gida, don yakan dawo ya fi da. Likitan fata za ki kai ta, akwai allurar da ake yi a cikin tabon, akwai filastar silikon. Shekararta nawa ma kika ce?