Yadda ake saba wa babban kare da keji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Amurka. Wannan da kuke gani a bayana keji ne na waya, inci 48, kusan santimita 122 ke nan. A gida mun saba kare na waje yana gadi, amma a nan yawancin karnuka cikin gida suke kwana, kuma kejin ne ke ware masa wurinsa, nesa da kicin da dardumar sallah.

Kafin ku saya, ku ɗauko tef irin na tela. Ku auna daga hancinsa zuwa gindin wutsiya, ku ƙara inci 4. Sai ya zauna, ku auna daga ƙasa zuwa saman kai, ko ƙarshen kunne in mai tsayayyun kunnuwa ne, ku ƙara 4 ɗin dai. Ana so ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya baje ƙafafu. Karnuka nau'in Labrador da German Shepherd galibi inci 42 ya ishe su, Rottweiler 48, Great Dane kuwa sai 54.

To, ku matso ku ga wannan allon wayar da ke tsakiya. In kwikwiyo ne, ku sayi kejin da zai ishe shi in ya gama girma, ku rage faɗin da allon nan, kuna ja da shi baya yana girma. Dalili kuwa, kare ba ya son ɓata makwancinsa. In fili ya yi yawa, sai ya kwana a kusurwa ɗaya ya mai da ɗayar banɗaki, kuma in ya saba da haka, raba shi da halin jan aiki ne.

Kwanakin farko kada ku rufe ƙofa. Ku ɗaure ta ma a buɗe, don in ta buga masa da ƙara sau ɗaya zai tsorata da wurin. Ku jefa 'yar loma bakin ƙofa, sannan can ciki. Abincinsa duka a ciki zai riƙa ci. Ranar da ya shiga ba ɗari-ɗari, ku rufe yana ci, ku buɗe da ya gama. Daga nan minti 1, minti 5, minti 10 kuna zaune kusa, sannan ku fara fita daga ɗakin. Sai ya iya minti 30 shiru ba ya ganinku kafin ku bar gidan. Wani kwana kaɗan ya isa, wani sai makonni. Gaggawa ce ke ɓata aikin nan, wallahi na fi jin takaicinta fiye da komai.

Kuka fa? In kun buɗe yana haushi, kun koya masa cewa haushi ne mabuɗi. Ku jira ya yi shiru ko na daƙiƙa 5 ne. Amma kwikwiyo in ya farka da kuka cikin dare, fitsari ne. Ku fitar da shi ba wasa ba surutu, ku mayar. Ƙiyasin da ake yi shi ne awa ɗaya ga kowane wata na haihuwarsa, kuma wanda bai kai wata 6 ba kada ya wuce awa 3 zuwa 4 a rufe da rana. Wanda kuwa ke dalalar da yawu, yana haki, yana cizon waya har haƙori ya karye, firgicin kaɗaici ne ke damunsa. Ku buɗe masa, ku nemi likitan dabbobi.

Ku cire masa abin wuya kafin ya shiga, yana iya maƙalewa a waya ya shaƙe shi. Ku shimfiɗa katifa mai kauri a kan tiren da ke ƙasan kejin, don nauyin babban kare na sa gwiwar hannunsa ta yi kanta ko ta kumbura. In kuna cusa markaɗaɗɗiyar gyaɗa cikin Kong, wato abin wasan kare na roba mai rami a ciki, don ya lasa, ku karanta jikin kwalbar: in akwai xylitol, wani sinadarin zaƙi, guba ce gare shi. Kuma kada ku tura shi cikin kejin a matsayin horo in ya yi laifi.

'Yan uwanmu da ke Suwidin, ku lura, doka a can ta hana rufe kare a keji cikin gida, sai a irin halin tafiya. Ku cire ƙofar gaba ɗaya, ga maƙalanta nan biyu a gefe, ku bar masa shi a matsayin makwanci.