Baifola: Ciwon Da Ke Fara Zuwa Kamar Lafiya

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau za mu yi magana ne kan wani ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira baifola. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a faɗin duniya, kuma galibi yakan fara nuna kansa ne a shekarun samartaka da 'yanmatanci.

Ciwon yana da lokacin hawa da lokacin faɗuwa. Bari mu fara da hawan, domin shi ne mutane suka fi kasa ganewa.

A ce ƙanenka ne, mai shago a kasuwa, mutum mai kunya da lissafi. Sai ka ga ya kwanta ƙarfe 3 na dare, ya tashi kafin asuba garau, babu hamma babu gajiya. Ku lura da wannan sosai. Mai rashin barci na yau da kullum yana so ya yi barcin, ya kasa, ya wuni a galabaice. Shi kuwa wannan ji yake barcin ma ɓata lokaci ne. Bakinsa ba ya hutawa, yana tsalle daga wannan zance zuwa wancan, in ka sa baki ya hau ka da faɗa. Ya ɗebo kaya bashi fiye da ƙarfin jarinsa, ya rabar da kuɗin ciniki a bakin titi, ya ce zai buɗe shago biyar kafin salla. Da farko gida murna ake yi, ana cewa buɗi ya zo. In abin ya yi tsanani, yana iya yarda cewa an zaɓe shi don wani babban aiki, ko ya riƙa jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. A nan ne ake fara cewa iska ce, ko sammu aka yi masa.

Likitoci suna duba ko wannan hali ya kai mako guda. Akwai kuma ƙaramin hawa na kwana 4 ko fiye, wanda mutum ke ci gaba da harkokinsa, ana ta yaba kuzarinsa.

Sai faɗuwa. Mako 2 ko fiye shago a rufe, mutum yana ɗaki, ko wanka ya zama masa aiki. Tuwo ya huce a gabansa bai taɓa ba. Ga bashin da ya ci a lokacin hawa, ga kunyar abin da ya faɗa wa mutane, har ya fara ganin mutuwarsa ta fi wa iyalinsa sauƙi. Tsakanin hawa da faɗuwa kuma yana iya yin watanni, ko shekaru, lafiya lau. Saboda haka mai fushi da safe ya yi dariya da yamma ba shi muke nufi ba.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne wannan: yawanci a lokacin faɗuwa ake zuwa asibiti, don babu mai kai ƙarar jin daɗi wurin likita. Likita ya ga rabin ciwon kawai, ya ɗauka ciwon damuwa ne. Maganin damuwa shi kaɗai kuwa yana iya jefa mai baifola cikin hawa. Don haka wanda ya raka mara lafiya, mata ce ko uwa ko yaya, ya faɗi labarin makonnin da ba a yi barci ba, ko da shekaru sun wuce.

Ciwon yana bin jini sosai. Rashin barci, tashin hankali, shan wiwi, da makonnin farko bayan haihuwa suna iya tayar da shi. Ba raunin imani ba ne. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Amma mari da bulala, wallahi, ba su taɓa warkar da shi ba, sai ƙara wa bawan Allah rauni da tsoron danginsa.

Magani akwai. Tun 1949 wani likita a Ostareliya, John Cade, ya nuna cewa litiyom yana kwantar da hawan, kuma har yau ana amfani da shi. Yana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana sa ya taru ya yi illa, don haka a shawarci likita kafin azumi da lokacin tsananin zafi. Wani maganin, balfuret, yana da haɗari ga ɗan da ke ciki, dole mace ta sanar da likita in tana da juna biyu ko tana shirin ɗauka. Kada a ajiye magani don an ji sauƙi, daga nan ciwon ya fi dawowa.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. In mutum ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba kuma ba ya jin gajiya, a kai shi. In ya fara zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da makamai daga kusa da shi, a tafi da shi a ranar.