Kwamfuta a Cikin Kwamfuta: Tafinta da Mai Masauki

An gabatar da wannan lacca a Birnin Kebbi, gaban ɗaliban kimiyyar kwamfuta da wasu masu gyaran waya da laftop. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a gaba, a yi mini izini.

Makon jiya wani ɗalibina ya kawo mini laftop ɗinsa, irin na hannun nan da muke cewa Beljiyam, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, QEMU ɗin nan da ka ce mu sa ba ta da amfani. Tun bayan Magariba na fara ɗora Ubuntu a cikinta, aka yi Isha, aka ci tuwo, ko rabi ba ta kai ba." QEMU manhaja ce da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta, Ubuntu kuma wani nau'in Linux ne, babbar manhajar da ke tafiyar da inji. Na karɓa na kashe, na kunna, na shiga BIOS, wato saitin injin na tushe. Akwai wani layi da ke maganar VT-x, yana kashe. Na kunna shi, na koma, na ƙara kalma biyu a ƙarshen umarninsa: -accel kvm. Kafin mu gama shan shayi aiki ya kammala. Laftop ɗin bai canza ba, ram ɗinsa yana nan yadda yake. Abin da ya faru tsakanin daren nan da safiyar nan shi na zo mu tattauna.

Abu biyu ne mutane suke haɗawa su kira da suna ɗaya. Na farko kwaikwayon inji, na biyu rabon inji.

Mu fara da kwaikwayo. Kowane firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, yana da yarensa. Wanda ke cikin yawancin laftocinku yana jin x86, wanda ke cikin wayarku yana jin ARM, kuma ba sa jin juna ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Kamba ya ga irin haka: ɗan kasuwa ya taso daga kudu ba ya jin Zabarmanci, mai kaya ba ya jin Yarabanci, dole a nemo tafinta. To akwai tafinta iri biyu. Akwai wanda zai ji kalma ɗaya, ya juya ya faɗe ta, ya dawo ya ji ta gaba. Ko sau ɗari aka ce "nawa ne", sau ɗari zai tsaya ya yi tunani. Haka Bochs take a asalinta, manhajar da Kevin Lawton ya fara a 1994. Tana da tsantseni ƙwarai, amma tafiyar hawainiya take yi.

A 2003 wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ya fito da QEMU. Shi ne kuma ya fara FFmpeg, wadda da wuya ka kalli bidiyo a waya ba ta sa hannu a wani wuri ba. Tafintansa ya fi wayo. Ba ya ɗaukar umarni ɗaya ɗaya. Sai ya karanta jerin umarnin baƙo har ya kai inda aka ce a tsallaka wani wuri, ya fassara wannan gaɓar gaba ɗaya zuwa yaren mai masauki, sannan ya ajiye fassarar. In aka sake biyowa ta nan, ba sai ya fassara ba, ɗaukowa kawai zai yi. Har ma yana ɗinke gaɓa da gaɓa, ta yadda in wannan ta ƙare sai ta faɗa cikin ta gaba kai tsaye ba tare da an koma wurin tafinta ba. Kuma kun san manhaja yawancin rayuwarta zagaye take yi a wuri ɗaya, kamar mai ban ruwa a fadama. Nan ribar take.

Na ce baƙo da mai masauki, ku riƙe kalmomin nan. Mai masauki shi ne injin gaske da ke kan teburinka. Baƙo shi ne wanda aka ƙirƙira a cikinsa.

Hanyar da Bellard ya fara bi tana da rauni. Ya rubuta ƙananan ayyuka da yaren C, ya bar GCC, manhajar da ke juya C zuwa yaren inji, ta harhaɗa su, sannan ya riƙa yanko abin da ta fitar yana liƙawa. Dabara ce, amma duk lokacin da GCC ta canza salonta sai abu ya lalace. A 2008 aka maye gurbinta da TCG, wanda ke da nasa yaren tsakiya. Ana juya ARM ko MIPS ko PowerPC zuwa wannan yare, daga nan a juya shi zuwa yaren mai masauki. Amfanin haka, in sabon firosesa ya fito, gefe ɗaya kawai za ka rubuta. Shi ya sa RISC-V ya samu shiga a 2018, mutane suka riƙa rubuta masa manhaja tun kafin su taɓa riƙe allonsa a hannu.

Amma tafinta tafinta ne, komai ƙwarewarsa. Abin da ya fi cin lokaci ma ba fassarar ba ce. Duk sanda baƙo ya taɓa ram, sai an duba a tebur a ga adireshin da yake nufi ya yi daidai da ina a wurin mai masauki. Abin da injin gaske ke yi da ƙarfe, nan da manhaja ake yin sa. Wannan shi ya cinye daren ɗalibina. QEMU tana fassara x86 zuwa x86. Bahaushe biyu ne aka sa musu tafinta a tsakani.

Sai tambaya ta taso: in yare ɗaya suke ji, me zai hana a bar baƙo ya yi magana da firosesa kai tsaye? Wannan shi ne rabon inji, kuma ba sabon abu ba ne. IBM ta yi shi a manyan injinanta, ta fitar da VM/370 a 1972. A 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka rubuta sharaɗin da ke sa abin ya yiwu. Ku ɗauke shi kamar gidan haya. Ɗan haya ya yi abin da ya ga dama a ɗakinsa, ya shimfiɗa tabarma, ya rataya labule. Amma in ya kai hannu ga mitar wuta ko makullin ƙofar gida, dole ƙararrawa ta kaɗa mai gida ya fito. Sharaɗin ke nan: duk umarnin da ya shafi gidan gaba ɗaya, dole ya tsayar da baƙo ya kira mai masauki.

Shi kuwa x86 bai cika sharaɗin ba. An ƙirga umarni 17 da ke taɓa kayan gida ba tare da ƙararrawa ta kaɗa ba. Ga misali ɗaya, POPF. Babbar manhaja tana amfani da shi ta ce a daina katse ta na ɗan lokaci. In baƙo ya bayar da shi ba tare da cikakken iko ba, firosesa ba zai yi ba, kuma ba zai faɗa wa kowa bai yi ba. Ɗan haya ya murɗa makulli yana zaton ya kulle ƙofa, ƙofa a buɗe, mai gida bai sani ba.

Kowa ya nemi hanyarsa. VMware a 1999 ta riƙa sake rubuta waɗannan umarnai kafin su isa firosesa. Mutanen jami'ar Cambridge a Ingila suka fito da Xen a 2003, suka ce a gyara baƙon da kansa, ya san shi baƙo ne, ya riƙa neman izini. Da Xen ɗin Amazon ta fara ba da hayar sabobinta, wato manyan kwamfutocinta, a 2006. Daga ƙarshe masu ƙera firosesa suka gyara daga tushe: Intel ta kawo VT-x a 2005, AMD ta kawo AMD-V a 2006. Wannan layin da na kunna a BIOS ke nan.

Nan wani injiniya mai suna Avi Kivity, a kamfanin Qumranet na Isra'ila, ya yi tunanin da nake ganin ya fi na kowa hankali. Ya ce me ya sa za mu gina sabon mai masauki daga farko, alhali Linux ta riga ta iya raba lokacin firosesa da ram tsakanin ayyuka? A mai da baƙo aiki ɗaya cikin ayyukanta mana. Aka kira abin KVM, ya shiga Linux 2.6.20 a watan Fabrairun 2007. Shekara ta gaba Red Hat ta sayi kamfanin a kan dala miliyan 107.

Ga yadda suke aiki tare. QEMU tana buɗe wani fayil, /dev/kvm, ta ware wa baƙo ram, ta ce a tafi. Baƙo ya hau firosesan gaske yana gudu. Da zarar ya taɓa wata na'ura, faifan ajiya ko katin sadarwa, sai firosesa ya tsayar da shi. In abin da KVM zai iya ne ya gama da shi nan take, in ba haka ba ya miƙa wa QEMU, ita ta yi kamar ita ce na'urar, ta ba da amsa, a koma.

To a nan nake so ku buɗe kunne, domin yawanci ana zaton firosesa ne wahalar. A ganina na'urori ne. Baƙo yana buƙatar ya ga inji cikakke: agogo, allo, madannai, faifai. Duk sai an rubuta su da manhaja, har da kurakuran na asali, domin direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa na'urorin, sun saba da kurakuran. Injin da QEMU take nuna wa baƙo in ba ka zaɓi wani ba, an gina shi ne a kan i440FX, kayan Intel na 1996. Yawancinku ba a haife ku ba.

Kwaikwayon tsohuwar na'ura kuma yana da tsada. Katin sadarwa na gaske, direba yakan rubuta masa abu sau da yawa kafin saƙo ɗaya ya fita, kuma kowane rubutu tsayawa ce, a fita a dawo. Mutumin Aliero ne zai kai albasa kudu, sai ya riƙa ɗaukar buhu ɗaya a kowane sawu. Rusty Russell, wani ɗan Ostireliya, ya kawo virtio wajen 2008. Ya ce a daina yaudarar baƙo. A ware wuri a ram wanda su biyun ke gani, baƙo ya jera buƙatunsa a can, in sun taru ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. A cika tirela sannan a tashi. Don haka in kuna kafa baƙo na Linux, ku zaɓi virtio a faifai da sadarwa. Na Windows sai kun ɗora masa direbobin daban.

Akwai kuma haɗari. A watan Mayun 2015 Jason Geffner na kamfanin CrowdStrike ya gano ɓarakar da aka sa wa suna VENOM. A ina take? A na'urar fulofi ta QEMU, wato mai karanta tsohon faifan ajiya na da. Waye a ɗakin nan ya taɓa riƙe fulofi? Ga hannu uku, duk masu furfura. Rubutun yana nan tun 2004, kuma ko ba ka sa wa baƙo fulofi ba, na'urar tana cikin injin. Baƙo mai mugun nufi zai iya cika ta da bayanai har su malala, ya faɗa cikin mai masauki. Tsohuwar taga ce a bayan gida da kowa ya manta da ita. Ta shafi Xen da KVM da VirtualBox, wata manhajar rabon inji, domin duk sun ɗebi ruwa a rijiya ɗaya, wato rubutun QEMU. Irin wannan tsoro yana cikin abin da ya sa Amazon ta fitar da Firecracker, wanda ke yi wa KVM irin aikin QEMU, a 2018, da yaren Rust, na'urorinsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ita ma QEMU ta kawo nata ƙaramin injin, microvm, a 2019.

Wani zai ce, ashe buɗe rubutun manhaja bai hana kuskure ya yi shekara 11 a ɓoye ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Abin da buɗewar ta ba mu daban ne. Bellard ya daɗe da komawa wasu ayyuka, amma QEMU tana fitowa sau uku a shekara, kuma fayil ɗin fulofin nan, fdc.c, za ka iya buɗe shi yau da dare a Badariya ko Gesse ka ga inda aka gyara.

Shi ya sa nake jin haushi in na ga aikin kammala karatu. Kowace shekara manhajar rajistar ɗalibai, manhajar biyan albashi, an canza launi an canza suna. In ka tambaya a ce ba kayan aiki. A cikin QEMU akwai wata na'ura mai suna edu, an rubuta ta musamman don koyar da rubuta direba a jami'ar Masaryk ta ƙasar Cek. Kyauta take. In ka ƙara -s da -S a umarninka, firosesan baƙo zai tsaya cak kafin umarninsa na farko, ka haɗa gdb, manhajar bin diddigin kuskure, ka bi shi taki ɗaya ɗaya. Ka lalata zuciyar Linux sau hamsin a rana, ka koma kwafin injin da ka ajiye a fayil ɗin qcow2, wato faifan baƙo, ba abin da ya ƙone. Da allon gaske ne, da kuɗin makarantarka sun tafi.

Ga hannu can baya. Bismillah, Alhaji.

Tambaya: Malam, ni mai gyara ne. Wanga abu, an kawo min laftop ɗin Apple sabo, mai shi yana son tsohuwar Windows ciki, na sa ta amma tana jan ƙafa. Ko akwai abin da zan kunna kamar na yaron nan?

Babu, Alhaji. Tun 2020 Apple ta koma firosesanta na gida, M1 da 'yan'uwansa, kuma yaren ARM suke ji. Tsohuwar Windows x86 take ji. Nan dole sai tafinta, ba maɓallin da zai raba ka da shi. In mai shi zai yarda, ka sa masa Windows 11 ta ARM, ita za ta hau firosesan kai tsaye, sannan ta fassara tsofaffin manhajojinsa da kanta.

Tambaya: Ram ɗina giga huɗu ne. Zai ɗauka?

Zai ɗauka in ba ka yi haɗama ba. Bar Ubuntu mai hotuna, ka nemi Alpine Linux, ka ba kowane baƙo mega 256. Uku za su zauna lafiya, ka haɗa su da juna ka koyi sadarwa, kuma ba ya cin data bayan saukewar farko. Na zo da ita a filashi. Mai so ya matso da laftop ɗinsa yanzu, mu fara da duba BIOS tun janareta bai mutu ba.