Inda kuɗinka ke zubewa tsakanin asusun hannun jari da gida

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau da mazauna waje nake, waɗanda suka sayi hannun jari ko suka tara wani abu a asusun dillali a nan, yanzu kuma suna son kai kuɗin gida. Na buɗe kalkuleta a gefen allo, saboda maganar nan lissafi take so.

Yawancinmu cajin turawa muke kallo, dala goma ko ashirin ɗin nan da aka rubuta ɓaro-ɓaro. Babban yankan kuwa a cikin farashin canji yake. Akwai farashin da bankuna ke saye da sayarwa tsakaninsu, shi ake kira farashin tsakiya, shi kake gani in ka duba Google ko shafin farashin canji na XE. Wanda za a ba ka an riga an zaftare riba daga cikinsa. Ku dubi allon nan: dala 20,000. In an rage maka kashi 3 cikin ɗari, dala 600 ta tafi, kuma babu layinta a rasit. In rabin kashi ɗaya ne, dala 100 ke nan. Don haka in ka ga talla tana cewa turawa kyauta ce, kada ta ɗauke maka hankali. Ka rubuta adadin da za ka tura, ka ga nawa za su sauka a asusunka, sannan ka gwada da abin da farashin tsakiya zai ba ka a daidai wannan minti. Ratar da ke tsakani ita ce ainihin cajin.

Amma kafin a zo canji, akwai asusun da taɓa shi ma asara ce. A Amurka, in ka cire kuɗi daga asusun ajiyar ritaya irin 401(k) ko IRA kafin ka kai shekara 59 da rabi, galibi akwai tarar kashi 10 bayan harajin kuɗin shiga. A dala 20,000 ɗinmu, dala 2,000 ke nan kafin ka canza ko sisi. A Ingila, ISA ta hannun jari, wato asusun ajiya da aka yafe wa haraji, ana cirewa ba haraji, amma Lifetime ISA, wadda ake tarawa don sayen gida ko tsufa, daban take: ka zuba fam 4,000, gwamnati ta ƙara maka 1,000, ka cire ba don sayen gidanka na farko ba kuma ba ka kai shekara 60 ba, a yanke kashi 25 na jimillar, ka tashi da 3,750. Uwar kuɗinka ma ta ragu. Asusun jari na gama-gari kuma akwai harajin riba. A Ingila fam 3,000 na farko na ribar ne aka yafe a shekara, kuma shekarar haraji tana ƙarewa 5 ga Afrilu, shi ya sa mai riba da yawa kan sayar da wani sashe kafin ranar, saura bayanta. A Amurka abin da ka riƙe fiye da shekara ɗaya harajinsa ya fi sauƙi. Kada ka tura komai gida ka manta da kason haraji, ka koma sayen dala da tsada don ka biya.

To ka sayar. Kuɗin ba su fita nan take. Tun 28 ga Mayu 2024 kasuwar Amurka kwana ɗaya na aiki take ɗauka kafin ciniki ya kammala, Ingila da Tarayyar Turai kwana biyu. Ka sayar ranar Juma'a a Landan, sai Talata.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe. Canji sau ɗaya ake yinsa. Mutum yana zaune a Ingila, hannun jarinsa na kamfanonin Amurka ne. Ya sayar, dillali ya mayar masa da dalar zuwa fam kai tsaye, ya ɗauki misali kashi 1. Ya tura fam ɗin bankinsa, daga can ya canza zuwa naira, a sake ɗaukar kashi 2. An yanke shi sau biyu, wajen dala 600, alhali fam ɗin ba ta yi masa aikin komai ba face wucewa. Abin da za ka fara dubawa shi ne ko dillalinka yana barin ka riƙe dala a matsayin dala, ka kuma fitar da ita a haka. Wasu manhajojin ba su yarda, da kuɗin ƙasar kaɗai suke biya, kuma nan ne ribarsu take. In canjin ya zama dole, ka yi shi inda ya fi araha. Kamfanin dillancin hannun jari na Interactive Brokers, alal misali, suna barin ka canza manyan kuɗaɗe irin dala, fam da yuro a farashin kasuwa da kamashon kashi 0.002 cikin ɗari, mafi ƙaranci dala 2. Ba talla nake musu ba, so nake ku ga tazarar da ke tsakanin dala 2 da dala 200 a kan aiki iri ɗaya.

Daga nan hanya biyu ce. Ko ka tura dalar yadda take ta SWIFT, tsarin turawa tsakanin bankunan ƙasa da ƙasa, zuwa asusunka na kuɗin waje a bankin gida, ko ka bi kamfanonin tura kuɗi. A Najeriya, tun ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a Janairun 2024, kamfanonin nan da naira suke biya, wato sun canza maka a farashinsu ke nan. SWIFT kuwa cajinsa a tsaye yake, bai damu da yawan kuɗin ba. Mu ƙaddara duka cajin ya kama dala 50. A kan dala 1,000 kashi 5 ne, tsada ƙwarai. A kan 20,000 rubu'in kashi ɗaya ne. In manhaja tana cin kashi 1, a dala 5,000 suke yin kunnen doki. Ƙasa da haka manhaja ta fi, sama da haka SWIFT. Kuma in dalar ta sauka a asusunka, kai ke zaɓen ranar da za ka sayar da adadin da kake bukata. Sai dai ka tambayi bankin farashin da yake saye tun kafin ka tura.

A fom ɗin SWIFT akwai wasu haruffa uku da mutane ke tsallakewa. OUR na nufin kai mai turawa ka ɗauki duk caji. SHA an raba, BEN kuma daga cikin kuɗin za a cire komai. Dala ba ta tashi daga bankinka ta faɗa bankin gida kai tsaye, sai ta ratsa wani banki na tsakiya, galibi a New York, shi ma ya ɗebi nasa. Shi ya sa za ka tura 20,000 cif ka ga sun iso da giɓi. Ka karɓi cikakken bayanin bankin tsakiyar daga bankinka na gida, kada ka yi hasashe.

'Yan uwanmu na Nijar, naku lissafin ya fi sauƙi. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Yuro 10,000 ya kamata ya ba da sefa 6,559,570. In wani ya ba ka sefa 640 kan kowane yuro, ya ci maka 159,570, kusan kashi biyu da rabi, kuma ba zai ce kasuwa ce ta motsa ba. Ainihin canjinka tsakanin dala ko fam da yuro yake.

Abin da ya fi tsayar da kuɗi a hanya suna ne. Dillali ba ya turawa sai asusu mai sunanka, ba na matarka ba, ba na ƙaninka ba. In a fasfo Muhammad ne, a bankin gida Mohammed, ko an juya sunan mahaifi ya zo farko, ana iya maido da kuɗin bayan kwanaki, an kuma cire caji zuwa da dawowa. Ka gyara sunan tukuna, sannan ka gwada da ɗan ƙaramin adadi. Cajin gwajin nan ba asara ba ce.

Ka guji canji Asabar da Lahadi. Kasuwar a rufe take, wasu kamfanoni suna ƙara rata don su kare kansu daga abin da Litinin za ta zo da shi. Raba kuɗi kashi biyu ko uku saboda hawa da saukar farashi ba laifi, amma yayyanka su ƙanana don kada banki ya yi tambaya, shi ne ma yake jawo a rufe asusu. Ka tanadi takardar bayanin asusun dillali, da shaidar cinikin da ka yi, da takardar albashi in da shi ka sayi jarin. In kuma kwana biyar na aiki suka wuce kuɗi ba su sauka ba, ka nemi bankin da ya tura ya ba ka takardar shaidar turawa ta SWIFT, wadda aka fi sani da MT103. A jikinta akwai lambar UETR, da ita bankin gida zai gano a wane banki suka maƙale.