Rapper's Delight: kiɗan aro, baitin aro, kuɗi na wasu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai koma shekarar 1979, kan wani faifai da ƙungiyar Sugarhill Gang ta fitar a Amurka cikin watan Satumba, mai suna Rapper's Delight. Shi ne faifan hip hop na farko da ya shiga sahun waƙoƙi 40 da suka fi tashe a ƙasar, kuma har gobe ana ja-in-ja a kan wanda ya kamata a yaba wa.

Kafin fitowarsa, hip hop ba abin saye a kanti ba ne. Tun 1973 DJ Kool Herc yake haɗa casu a unguwar Bronx ta birnin New York, yana maimaita gurbin da ganga ta fi zaƙi a faifai, samari na karɓar makirufo suna wasa kansu, kusan yadda ɗan dambe yake kirari kafin a kara. Abu ne na dandali da ɗakin rawa. In ka ji shi a gida, to kaset ne da aka naɗa a wurin casu yake yawo hannu da hannu.

Wadda ta hango kasuwa a ciki ita ce Sylvia Robinson, tsohuwar mawaƙiya da ta koma harkar buga faifai tare da mijinta a garin Englewood na jihar New Jersey, a ƙetaren kogin Hudson. Ita ta haɗa samari uku: Wonder Mike, da Master Gee, da Big Bank Hank, wanda a lokacin yake aiki a shagon sayar da fiza. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya yi suna a dandalin Bronx. Ta sa makaɗa suka sake buga kiɗan Good Times na ƙungiyar Chic, waƙar da ta kai matsayi na ɗaya a Amurka a wannan shekarar, samarin suka hau kai suna ta zuba har kusan minti 15.

Duk ma'aikacin rediyo ya san me minti 15 yake nufi. Waƙa takan ɗauki minti uku ko huɗu, a yi talla, a wuce. Amma masu sauraro suka dinga bugo waya suna neman a maimaita, tashoshi suka bi. Faifan ya kai na 36 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard ta Amurka, na uku a Birtaniya, na ɗaya a Kanada. Mutanen da ba su taɓa taka Bronx ba, ta nan suka fara jin wannan salo.

A Bronx kuwa, ran gwanaye ya ɓaci. Tambayarsu ɗaya ce: su wane ne waɗannan? Kuma ba hassada kawai ba ce, domin an yi aro biyu a faifan, kuma yadda aka ƙare da kowanne shi ne abin dubawa.

Aro na farko na kiɗa ne. Nile Rodgers na Chic ya ji kiɗansa a wani gidan rawa a New York, ba wanda ya nemi izininsa. Shi da abokin aikinsa Bernard Edwards suka yi barazanar zuwa kotu. Ba a ja da nisa ba, aka sa sunayensu cikin marubutan waƙar, rabonsu ya fara shigowa. Mutane ne masu suna, masu kamfani a bayansu, masu lauya.

Aro na biyu na baiti ne. Big Bank Hank ya kasance manajan wani gwani na Bronx, Grandmaster Caz, wanda ake yi wa laƙabi da Casanova Fly. Caz ya sha faɗa cewa baitocin da Hank ya rera daga littafinsa suka fito. Ba sai an rantse ba, shaidar tana cikin faifan: Hank ya gabatar da kansa da laƙabin Caz, yana jero haruffansa ɗaya bayan ɗaya, ko canza sunan bai yi ba. Caz bai ga sunansa a faifan ba, bai ga ko sisi ba. Ba takarda, ba shaidu, sai yarda tsakanin yaro da manajansa.

A ganina, nan ne labarin yake. Ba aron ne matsalar ba, don hip hop da aro ya tashi, Kool Herc ma faifan wasu yake juyawa. Bambancin shi ne wanda yake da ƙarfin ƙwatar haƙƙinsa ya ƙwata cikin ɗan lokaci, wanda ba shi da shi kuma aka bar shi da labari. Matasanmu da ke rera hip hop da Hausa a Kano da Jos da Yamai sun san irin wannan ciniki na baka da baka a situdiyo, ba sai na yi musu bayani ba.

Duk da haka, ba zan rage wa Sylvia Robinson komai ba. Ta ga abin da manyan kamfanoni ba su gani ba. Bayan wannan faifai ƙofa ta buɗe: Kurtis Blow ya fitar da The Breaks a 1980 a kamfanin Mercury, kamfaninta na Sugar Hill kuma ya ɗauki ainihin 'yan Bronx, Grandmaster Flash and the Furious Five, waɗanda da sunansu aka fitar da The Message a 1982, waƙar da ta karkata hip hop zuwa maganar talauci da ƙuncin unguwa.

Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya Rapper's Delight cikin kundin faifan da ake adanawa don tarihi. Sylvia Robinson ta rasu a 2011, Big Bank Hank a 2014. Caz ya ci gaba da waƙa da ƙungiyar Cold Crush Brothers, daga baya ya koma zagayawa da baƙi masu yawon buɗe ido a Bronx, yana nuna musu wuraren da aka fara casun.