Laccar kimiyya: ƙwayoyin ferobiskait masu haske da matsalar dalmar da ke cikinsu

Assalamu alaikum. Malamaina da ɗalibai, barkanmu da war haka.

Sunan ferobiskait daga wani dutse ya samo asali. A shekarar 1839 Gustav Rose, wani masani Bajamushe, ya yi nazarin dutsen da aka samo a tsaunukan Ural na Rasha, ya raɗa masa sunan Lev Perovski. Yau duk sinadarin da ƙwayoyin zarrarsa suka jeru irin jerin wannan dutse, da sunan ake kiransa. Wanda za mu tattauna a kai, a ɗakin gwaje-gwaje ake haɗa shi, da abubuwa uku: siziyom, da dalma, da ɗaya daga cikin kulorin ko buromin ko aidin.

Duniya ta fara waiwayar wannan iyali ne a 2009, lokacin da Tsutomu Miyasaka a Japan ya gwada wani ɗan'uwansa a na'urar sola. Kashi 3.8 cikin 100 na hasken rana kaɗai ta mayar lantarki. Yanzu an wuce kashi 26, kuma idan aka ɗora shi a kan silikon, wato sinadarin da aka saba yin farantan sola da shi, ana haura 33.

To, ku ba ni hankalinku nan, don ga inda na fi so mu daɗe. A 2015 ƙungiyar Maksym Kovalenko a jami'ar ETH ta Zurich ta nuna yadda ake yin ƙananan ƙwayoyin ferobiskait mai siziyom ɗin nan, masu girman nanomita 4 zuwa 15. Nanomita ɗaya, idan ka raba milimita gida miliyan, kaso ɗaya ke nan. Ana narkar da gishirin dalma a cikin wani mai da ake kira oktadesin, tare da sinadarai biyu masu maiƙo, a kori iska da laima daga tulun, a dafa zuwa digiri 140 har 200. Sai a zuƙo ruwan siziyom a sirinji a tsiyaya shi gaba ɗaya, lokaci guda. Daƙiƙa biyar, a tsoma tulun cikin ruwan ƙanƙara. An gama. Masu maiƙon nan su ne ke lulluɓe kowace ƙwaya su hana ta ci gaba da girma, kuma a na'urar hange ta lantarki za ka ga ƙwayoyin a jere, masu kusurwa huɗu kamar dunƙulen magi.

Haska musu fitila mai hasken ultrabayolet, ka sha mamaki. Mai kulorin shuɗi ne mai sirkin shunayya, mai buromin kore shar, mai aidin ja wur. Launin tsantsa ne, kuma a wasu samfuran kusan kashi 90 na hasken da suka sha suna mayarwa. Abin da ya fi burge ni shi ne, ko bayan an gama haɗawa, in ka zuba gishirin aidin a kan koren, nan take a gabanka zai koma ruwan lemo, ya wuce zuwa ja. Silikon kuwa sai an tace shi a wuta mai zafin da ya haura digiri 1,400, kuma ƙazanta kaɗan ke lalata aikinsa. Ferobiskait yana haƙuri da aibi: ko da an sami giɓi a jerinsa, haske yake ci gaba da bayarwa.

Amma ku lura, 'yan'uwa, abin da ya sa haɗa shi ke da sauƙi shi ne kuma ya sa ba ya ƙarko. Gishiri ne, ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin zarrarsa sako-sako ne. Laima na cinye shi, zafi na gajiyar da shi. Mai aidin ɗin nan, in ka bar shi a fili, sai ya rikiɗe ya zama rawaya, ba ya ƙara amfani. Ana ba farantin silikon garantin shekara 25, kuma har yanzu wannan ma'auni ne ferobiskait ke fafutukar cimmawa. Duk wanda zai kawo mana shi nan, ya fara gwada shi a zafin Afrilu da laimar Agusta tukuna.

Sai maganar dalma, wadda mu ba labari muka ji ba. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Gaskiya ne dalmar da ke cikin na'ura ɗaya kaɗan ce, amma irin wadda ruwa ke narkarwa ce, wato in faranti ya fashe a damina, ƙasa za ta sha. An gwada maye gurbinta da kuza, sai dai kuza na saurin haɗuwa da iskar oksijin, na'urar ta mutu da wuri. Shi ya sa masu bincike ke rufe ƙwayoyin cikin gilashi ko roba, wasu kuma na ƙara shimfiɗar da ke kama dalmar in ta tsiyayo.

Ku da za ku gwada haɗin nan a sashenku, don Allah ku sa safar hannu, ku yi aikin a akwatin zuƙe hayaƙi, kuma ragowar ruwan a tara shi a kwalba mai alama, kada ko ɗigo ya shiga magudanar ruwa.