Ranar da Mutum 100 Suka Zaɓa wa Jihar Illinois Sanata

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Ranar 5 ga watan Janairun 1859, mutum 100 suka hallara a zauren majalisar dokokin jihar Illinois da ke garin Springfield a ƙasar Amurka, domin su zaɓi wanda zai wakilci jiharsu a majalisar dattawa na tsawon shekara shida. Da aka gama ƙirga ƙuri'u, Stephen Douglas na jam'iyyar Democrat ya samu 54, Abraham Lincoln na jam'iyyar Republican, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Amurka, ya samu 46. Douglas ya koma kan kujerarsa a Washington, Lincoln kuma ya koma aikinsa na lauya.

Mai saurare zai iya tambaya, ina sauran jama'ar jihar? Amsar tana cikin kundin tsarin mulkin Amurka na 1787, wanda ya ba kowace jiha sanata biyu, ya kuma ce 'yan majalisar dokokin jiha ne za su zaɓe su. Waɗanda suka rubuta kundin suna da hujjarsu. Suna son majalisar dattawa ta zama muryar gwamnatocin jihohi, kuma wurin da za a riƙa sanyaya al'amura idan zukatan jama'a suka ɗau zafi. Talaka ya zaɓi ɗan majalisar jiha, shi kuma ya zaɓo masa dattijo. A takarda abin gwanin kyau.

Amma ku dubi abin da ya faru a Illinois a 1858. Batun bauta ya raba ƙasar gida biyu. Douglas ne ya jagoranci dokar Kansas da Nebraska ta 1854, wadda ta bar wa mazauna sababbin yankuna su yanke da kansu ko za a riƙe bayi a cikinsu ko a'a. Lincoln ya ce bauta zalunci ce, kada a bar ta ta ƙara yaɗuwa ko da taku ɗaya. A watan Yuni jam'iyyarsa ta yi abin da ba a saba ba, ta fito fili ta ce Lincoln ne ɗan takararta na sanata tun kafin a zaɓi 'yan majalisar da za su kaɗa ƙuri'ar. Daga nan mutanen biyu suka yi muhawara har sau bakwai a garuruwa bakwai na jihar, daga Ottawa ranar 21 ga Agusta zuwa Alton ranar 15 ga Oktoba. Kowace muhawara awa uku cur: na farko ya yi awa ɗaya, na biyu ya mayar da martani awa ɗaya da rabi, sannan na farkon ya rufe da rabin awa. Babu lasifika, babu rediyo. Dubban manoma suka baro gonakinsu, wasu a kan doki, wasu a keken shanu, wasu a jirgin ƙasa, suka tsaya cikin rana da ƙura suna saurare. Jaridu suka kwashe maganganun kalma bayan kalma suka baza a faɗin ƙasar.

Abin da ke taɓa mini zuciya shi ne, duk wannan taro babu mutum ɗaya a cikinsa da zai ga sunan Lincoln ko na Douglas a takardar ƙuri'arsa. Kuma a faɗi gaskiya, masu ƙuri'ar ma maza ne farar fata kawai. Baƙaƙen fatar da ake ta gardama a kan makomarsu ba su da bakin magana, shi kansa Lincoln a muhawarar garin Charleston ya ce ba ya goyon bayan a ba su ƙuri'a. Wannan ma yana cikin tarihinsa, bai kamata a ɓoye ba.

Ranar 2 ga Nuwamba aka yi zaɓe. Idan aka tattara ƙuri'un jihar, 'yan Republican ne suka fi yawa. Sai dai an yanka mazaɓun ne bisa tsohuwar ƙidayar jama'a, alhali arewacin jihar, inda magoya bayan Lincoln suka fi ƙarfi, ya cika da sababbin baƙi. Ga kuma wasu 'yan majalisar dattawan jihar da wa'adinsu bai ƙare ba, akasarinsu 'yan Democrat. To a nan gizo ya yi saƙarsa. Mafi yawan jama'a suka nufi gabas, majalisa ta nufi yamma, kuma babu dokar da aka karya.

Ba wannan ne karon farko da zauren ya hana Lincoln kujerar ba. A Fabrairun 1855 shi ne kan gaba a zagayen farko da ƙuri'a sama da 40, Lyman Trumbull yana da 5 kacal. Waɗannan biyar ɗin suka kafe ba za su bi Lincoln ba. Da ya ga gwamnan jihar, Joel Matteson, yana dab da sulalewa da kujerar, sai ya umarci mutanensa su koma bayan Trumbull, wanda shi ma yake adawa da yaɗuwar bauta. A zagaye na goma mai biyar ya zama sanata. Trumbull ɗin nan daga baya yana cikin waɗanda suka tsara gyaran kundin tsarin mulki na 13 da ya haramta bauta. Lincoln ya yi dattaku a ranar, amma tsarin da mutum biyar za su juya arba'in ya nuna inda ƙofarsa take.

Masu kuɗi kuwa ba su daɗe ba suka gano ƙofar. Mutum miliyan ba ya sayuwa cikin sauƙi, amma mutum ɗari ana iya sanin gidan kowa, da bashin da ake binsa, da abin da yake kwaɗayi. A 1899 majalisar jihar Montana ta zaɓi William Clark, attajirin ma'adinin jan ƙarfe. Kwamitin majalisar dattawa ya bincika ya gano an yi rabon kuɗi, Clark ya ajiye muƙamin a 1900 kafin a tsige shi, sannan a 1901 majalisar jihar ta sake zaɓensa, ya yi shekara shidansa lafiya lau. A jihar Delaware kuwa 'yan majalisa suka kasa daidaitawa, har jihar ta zauna daga 1901 zuwa 1903 ba ta da sanata ko ɗaya. Sai kuma Illinois ɗin dai: a 1909, bayan watanni ana kai ruwa rana, majalisarta ta zaɓi William Lorimer. Shekara na zagayowa wani ɗan majalisa ya shaida wa jaridar Chicago Tribune cewa dala 1,000 aka ba shi. A Yulin 1912 majalisar dattawa ta soke zaɓen. Kafin nan ma haƙurin jama'a ya ƙare, jihohi irin su Oregon sun fara sa 'yan takarar majalisar jiha su yi alkawarin bin wanda talakawa suka nuna. Ranar 8 ga Afrilun 1913 gyara na 17 ya samu amincewar jihohin da ake buƙata, zaɓen sanata ya dawo hannun masu ƙuri'a.

Mu ma a Najeriya mun taɓa bin hanya mai kama da wannan. A Jamhuriya ta Farko ba talakawa ke zaɓen sanatoci ba. Kowane yanki yana da 12, gwamna ya gabatar da sunaye, majalisun yankin su yi zaman haɗin gwiwa su zaɓa. Sai a 1979 talaka ya fara dangwala wa sanata ƙuri'a da hannunsa.

Duk da haka, a ganina zauren Springfield bai bar mu ba, suna kawai ya sauya. Yanzu sunansa zaɓen fitar da gwani. Wanda ya bibiyi na 2022 ya ji yadda aka yi ta maganar deliget da dala, ya ga yadda 'yan tsirarun mutane a ɗaki guda suka yanke wa miliyoyi wanda za su tarar a takardar ƙuri'a. Ranar babban zaɓe talaka ya sha rana a layi kamar manoman Ottawa, amma tuni an gama rabon a wani wuri. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sanatan da deliget 200 suka ɗora, kafin ya tuna da rijiyar ƙauyenku, sai ya fara lissafin yadda zai mayar da abin da ya kashe, da abin da zai tanada domin waɗannan 200 ɗin idan shekara huɗu ta cika.

Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. A huta lafiya.